Biranen taurari na farko: an je neman ƙauyuka, an tarar da garuruwa

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin gari yana hangen mace tana daka daga can nesa, ya riga ya san abin da binciken tarukan taurari na farko a sararin samaniya ya doru a kansa. Za ka ga taɓarya ta sauka cikin turmi, sai bayan ɗan lokaci ƙarar ta iso kunnenka. Ƙarar da ka ji ta bugun da ya riga ya wuce ce. Haske ma haka yake, sai dai shi gudunsa ya kai kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, shi ya sa ba ma lura da jinkirinsa a harkokinmu na yau da kullum. Da zarar an ɗaga kai sama kuwa, jinkirin ya fito fili. Hasken rana sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙu a hanya kafin ya taɓa jikinmu. Hasken Kaza da 'Ya'yanta da muke gani a dararen hunturu ya baro can fiye da shekara 400 da suka wuce, tun ba a haifi Shehu Usman Ɗan Fodiyo ba.

Ranarmu ɗaya ce cikin taurari sama da biliyan 100 da ke dunƙule wuri guda suna kewaya cibiya ɗaya. Irin wannan taro shi masana ke kira galaksi, ni kuma a nan zan riƙa ce masa birnin taurari. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, in kana ƙauyen da fitilu ba su cika ba, namu birnin ke nan muke hange daga ciki. Babban maƙwabcinmu, Andromeda, haskensa tafiyar shekara miliyan 2.5 yake yi kafin ya iso. Ke nan duk wanda ya ƙara nisan hange, ya ƙara komawa baya a zamani. In aka ci gaba da haka, dole wata rana a kai ga lokacin da birane na farko ke kafuwa. Wannan shi ne abin da masu ilimin taurari suka shafe shekara talatin suna nema.

Kafin a je nema, akwai lissafin abin da ake sa ran gani. Awon da aka yi ya nuna shekarun sararin samaniya sun kai biliyan 13.8 tun daga lokacin da ake kira Babbar Fashewa, lokacin da komai ke cunkushe cikin tsananin zafi sannan ya fara buɗewa. Bayan shekara 380,000 zafin ya sauka har iskar haidirojin da hiliyom suka samu, kuma hasken wancan lokaci yana nan har yau, Arno Penzias da Robert Wilson ne suka fara kama shi da eriyar rediyo a 1965. Daga nan sai duhu. Babu tauraro ko ɗaya, iska ce kawai tana taruwa a hankali a wuraren da nauyi ya fi yawa. Lissafi ya ce tsakanin shekara miliyan 100 zuwa 200 taurarin farko suka kunnu, ƙananan tarukansu suka riƙa haɗuwa da juna, ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni. Bisa wannan, wanda ya leƙa shekara miliyan 300 na farko bai kamata ya ga komai ba sai 'yan ƙauyuka dishi-dishi, jefi-jefi.

Matsalar leƙen ita ce sararin kansa yana faɗaɗa, abin da Georges Lemaître ya fitar a lissafi a 1927, Edwin Hubble kuma ya nuna da awo a 1929. Ɗauki yankin robar tayar keke ka zana masa layi mai lanƙwasa sama da ƙasa da biro, sannan ka ja robar. Lanƙwasar za ta miƙe, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ta ƙaru. Haka ke faruwa da hasken da ya daɗe a hanya, domin sararin da yake ratsawa yana miƙewa da shi. Haske mai gajeren zango shuɗi ne, mai dogon zango ja ne, wanda ya wuce ja kuma ido ba ya ganinsa sam. Masana na auna wannan miƙewa da lamba: in an ce lambar birni 14 ce, ana nufin haskensa ya miƙe ninki 15, kuma sararin samaniya ya ninka girmansa sau 15 tun da hasken ya taso. Wannan lamba ita ce takardar haihuwar kowane birni mai nisa. Duk gardamar da za ta biyo baya a kanta take.

Madubin hangen nesa na Hubble, da aka harba a 1990, shi ya buɗe hanyar. A Disambar 1995 Robert Williams, wanda ke shugabantar cibiyar da ke tafiyar da binciken madubin a Baltimore ta Amurka, ya sa aka kafa masa ido kwana goma a kan wani ɗan gurbi na sama da ake ganin babu komai cikinsa. Wasu manyan masana sun ga ɓata lokaci ne. Hoton ya fito da birane wajen 3,000. A 2004 aka sake da sabuwar kyamara, aka samu wajen 10,000. Amma Hubble yana da iyaka: faɗin madubinsa mita 2.4 ne, kuma ba ya ganin hasken da ya miƙe sosai. Iyakar ƙoƙarinsa shi ne birnin da ake kira GN-z11, wanda Pascal Oesch da abokan aikinsa suka bayyana a 2016, daga wajen shekara miliyan 400 bayan farko, wato bayan Babbar Fashewa. Daga nan sai bango.

Don a ƙetare bangon aka ƙera madubin James Webb, aikin haɗin gwiwar hukumomin sararin samaniya na Amurka da Turai da Kanada, wanda ya ci wajen dala biliyan 10. An harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021 daga Kourou a Giyanar Faransa, aka kai shi nisan kilomita miliyan 1.5 daga Duniya. Faɗin madubinsa mita 6.5, sassa 18 ne aka jera, an shafe su da zinariya siririya ƙwarai domin zinariya ta fi iya mayar da irin hasken da ake nema, wato wanda ya wuce ja. In kana son ganin irin hasken da idonka, ɗauki rimot na talabijin ka saita bakinsa ga kyamarar waya ka danna. A wayoyi da yawa za ka ga ƙaramar fitila tana ƙyaftawa a allo, alhali da ido tsirara ba ka ga komai ba. Da yake duk abu mai ɗumi yana fitar da irin wannan haske, dole madubin ya kasance cikin sanyi, in ba haka ba ɗuminsa ne zai makantar da shi. Shi ya sa aka yi masa laima mai hawa biyar, tsawonta wajen mita 21, tana kare shi daga rana, ɓangaren inuwar kuma sanyinsa ya zarce digiri 200 ƙasa da sifiri.

A Yulin 2022 aka saki hotunan farko, kuma cikin 'yan makonni rahotanni suka yi ta fitowa, wannan ya ce ya ga birni mai lamba 13, wancan ya ce 16, har da masu cewa 20. A nan ne nake son mai karatu ya ɗan dakata, domin nan ne labarin ya fi ruɗa jama'a.

Yadda ake tsintar birni mai nisa a hoto dabara ce mai kyau. A wancan zamani sarari cike yake da hazon haidirojin, kuma haidirojin yana shanye duk hasken da zangonsa ya gaza nanomita 122 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Saboda haka hasken kowane birni na farko yana da wani wuri da ya yanke ƙat, kamar an sa almakashi. In hasken ya miƙe ninki 15, wurin yankewar zai koma wajen nanomita 1,830, alhali idon mutum iyakarsa wajen 700. Kyamarar Webb tana ɗaukar gurbi guda ta matatai daban-daban, kowace tana barin launi ɗaya ya wuce. Ɗigon da ya bayyana a matatan dogon zango, ya ɓace ɓat a na gajere, shi ake zargi da nisa. Ana iya tace dubban ɗigo ta haka a dare ɗaya. Amma zato ne, kuma akwai abin da ke iya kwaikwayonsa. Mun san yadda rana ke komawa ja ta dushe in hazo ya sauko, har ka iya kallonta kai tsaye. Nisanta bai ƙaru ba, ƙura ce ta tare shuɗin haskenta. Birnin da ke kusa-kusa amma ƙura ta lulluɓe shi, shi ma haka zai yi ja ya ɓace a matatan shuɗi.

Abin da ya faru da wani birni da aka sa wa suna CEERS-93316 ke nan. Masu bincike a Jami'ar Edinbara suka tsinto shi a 2022, launinsa ya nuna lamba wajen 16, wato shekara miliyan 250 kacal bayan farko, ga shi da haske. Labarin ya zaga duniya. A 2023 aka auna shi da na'urar da ke warware haske, lambar ta fito 4.9, wato birnin ya rayu ne fiye da shekara biliyan guda bayan farko. Ƙura ta taimaka, sannan wasu layukan haske masu ƙarfi na iskar da ke cikinsa suka faɗa daidai cikin matatan da za su yaudari lissafi. Masu binciken tun farko sun ce ɗan takara ne sai an tabbatar, kuma da awo ya fito aka buga shi a fili. Gyaran dai bai zaga duniya kamar yadda labarin farko ya zaga ba, abin da ke ba ni takaici ke nan.

Na'urar da ke raba gardama ita ce NIRSpec da ke jikin Webb. Tana karɓar hasken ɗigo guda ta baje shi kamar bakan gizo, sai a ga daidai inda ya yanke, a kuma ga layukan da kowane sinadari ke bari, waɗanda suke tamkar tambarin yatsa. A cikinta akwai ƙananan tagogi wajen 250,000, kowace faɗinta bai fi gashi biyu ba, ana buɗe waɗanda suka yi daidai da ɗigon da ake so a rufe sauran. Aiki ne mai cin lokaci, awanni da yawa a kan gurbi ɗaya, kuma masana na duniya duka layi suke bi don samun lokacin madubin. Ni a ganina duk wanda ya ci karo da labarin an gano birni mafi nisa, tambaya ɗaya ta ishe shi: launi aka duba ko an warware hasken?

To, da aka tace aka zubar da na bogi, abin mamakin shi ne da yawa sun tsaya. A ƙarshen 2022 ƙungiyar masana mai suna JADES, da ke aiki da Webb, ta tabbatar da birni mai lamba 13.2. A Janairun 2024 suka riƙe NIRSpec kusan awa goma a kan wani ɗigo da suka daɗe suna shakkarsa, saboda yana manne da wani birni na kusa, kuma haskensa ya yi yawa. Ashe na gaske ne. A Mayu Stefano Carniani na Pisa a Italiya da abokan aikinsa suka bayyana JADES-GS-z14-0, lambarsa ta ɗara 14, daga wajen shekara miliyan 290 bayan farko. Haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 13.5, kuma saboda faɗaɗar sarari, wurin da yake yanzu ya wuce nisan shekarar haske biliyan 33 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda). A Mayun 2025 Rohan Naidu na cibiyar MIT ta Amurka da tawagarsa suka kawo MoM-z14 mai lamba 14.44, wajen shekara miliyan 280. Sunan shirin nasu ma tambaya ce: waɗannan birane kawalwalniya ce ko abin al'ajabi?

Tazarar shekara miliyan goma tsakanin wannan da wancan ba ta dame ni ba, gobe wani zai karɓe kambun. Abin da ke cikin biranen ne ya kamata a tsaya a kai. JADES-GS-z14-0 faɗinsa ya kai shekarar haske 1,600. Kusa da namu birnin mai faɗin 100,000 ƙarami ne, amma ga zamaninsa gari ne sosai, nauyin taurarinsa ya kai na rana ɗaruruwan miliyoyi. Sannan a Maris 2025 ƙungiyoyi biyu da suka yi aiki daban da eriyoyin ALMA 66 da ke kan tudun hamadar Atakama a Chile suka ga iskar oksijin a cikinsa, suka kuma ƙara daidaita lambarsa zuwa 14.18. Oksijin ba ya cikin kayan da aka fara da su. A cikin manyan taurari ake dafa shi, sai tauraron ya mutu ya fashe sannan ya watsu. Ganinsa da yawa haka, kusan ninki goma na abin da aka zata, yana nufin kafin lokacin da muke hange an riga an haifi taurari a wurin, sun rayu, sun mutu, an sake haifar wasu daga tokarsu. Kuma irin waɗannan birane masu haske sun fi abin da lissafin da ya gabaci Webb ya hango yawa nesa ba kusa ba. Tawagar Naidu ta ce a wannan zamani ninkin ya kai wajen 100.

Daga nan surutu ya tashi cewa lissafin farkon sararin samaniya ya rushe. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne rahoton Ivo Labbé da abokan aikinsa a mujallar Nature a Fabrairun 2023, inda suka nuna jajayen ɗigo shida daga shekara miliyan 500 zuwa 700 bayan farko, waɗanda in lissafin nauyinsu ya tabbata, wasu sun kusa kamo namu birnin. Har wani masani a Jami'ar Ottawa ya kawo shawarar cewa shekarun sararin biliyan 26.7 ne. Mafi yawan masana ba su karɓa ba, kuma ina ganin suna da hujja. Lissafin biliyan 13.8 bai dogara da waɗannan birane ba. Ya fito ne daga awon tsohon hasken nan na shekara 380,000, wanda tauraron ɗan'adam na Planck ya auna dalla-dalla, kuma tsofaffin taurarin da ke cikin namu birnin sun yi daidai da shi. Da sararin ya kai biliyan 26, da an tarar da taurari masu shekara biliyan 20 a maƙwabtanmu, kuma ba a tarar ba.

Inda rauni yake shi ne matakin da ke tsakanin haske da nauyi. Madubi haske yake gani, ba ya ƙirga taurari. Ka ɗauka kana tafiyar dare ka hango haske daga nesa, ka ce wancan babban gari ne. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma ƙauye ne ake biki, an kunna janareta an jera manyan fitilu. Masana na mayar da haske zuwa nauyi ne bisa zaton cewa rabon manya da ƙananan taurari a can daidai yake da na nan kusa da mu. Tauraro mai nauyin rana 30 kuwa haskensa ya kai na rana 100,000, kuma cikin 'yan miliyoyin shekaru yake ƙonewa, alhali rana tana da shekara biliyan 10 na rayuwa. In iskar farko, da ba ta da ƙura ko sinadarai masu nauyi, ta fi haifar da manyan taurari, to ƙaramin gari zai yi hasken birni, kuma zai dafa oksijin da wuri. Bayani ɗaya ke nan. Wani bayanin ya ce haihuwar taurari a can ba a jere take ba, ta kan zo ne kamar ruwan sama mai ƙarfi sannan ta ɗauke, mu kuma waɗanda muka tarar suna tsakiyar biki su muke gani. Wani kuma ya ce iskar ta yi kauri a lokacin har ta riƙa zama taurari da sauri kafin zafin na farko ya kore ta. Ba lallai ɗaya ya kore ɗaya ba. Ni na fi karkata ga na biyu haɗe da na farko, domin ba sa buƙatar a taɓa abin da aka riga aka auna da kyau.

Su kuwa jajayen ɗigon nan, labarinsu ya juya ta wata fuska. Webb ya ci gaba da tsinto irinsu da yawa, kuma da aka warware hasken wasu aka ga iska tana gudun dubban kilomita a daƙiƙa, alamar tana kewaya baƙin rami ne, wato abu mai nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa. Iskar da ke zubawa cikin irin wannan rami tana yin zafi ta yi haske fiye da taurari masu yawa. In aka cire rabon ramin, nauyin taurarin da aka lissafa ya sauko sosai. Sai dai an warware ƙulli ɗaya an samu wani, domin yanzu dole a bayyana yadda ramuka masu nauyin rana miliyoyi suka girma da wuri haka. GN-z11 ma, da Webb ya sake auna shi ya samu lamba 10.6, an ga alamun da wasu ke fassarawa da baƙin rami a tsakiyarsa, da kuma sinadarin naitirojin mai yawan da ba a saba gani ba. MoM-z14 shi ma an ga naitirojin mai yawa a cikinsa. Irin wannan yawan naitirojin an san shi a wasu tsofaffin dunƙulen taurari da ke kewaye da namu birnin, don haka akwai masu ganin muna kallon haihuwar irinsu ne.

Duk da wannan, biranen da aka gani ba su ne na farko ba, oksijin ɗin cikinsu ya isa shaida. Taurarin farko na ainihi, waɗanda haidirojin da hiliyom ne zalla, su ake ta farauta. Dabara ɗaya ita ce a leƙa ta bayan wani gagarumin taron birane na kusa, irin Abell 2744, wanda nauyinsa ke lanƙwasa hasken da ke bayansa ya ƙara masa girma kamar gilashin ƙara gani. Ta haka ake hango ƙananan ƙauyukan da Webb shi kaɗai ba zai gani ba, kuma su ne mafi yawa.

Ɗaya dabarar ta bar taurarin ta koma kan hazon da ke kewaye da su. Haidirojin yana fitar da siginar rediyo mai zangon santimita 21, kuma hasken taurarin farko dole ya bar tabo a kanta. A 2018 wata ƙaramar eriya mai suna EDGES a yammacin Ostireliya ta ba da rahoton ganin tabon a megahaz 78, daidai da shekara miliyan 180 bayan farko, amma zurfinsa ya ninka abin da lissafi ya yarda da shi. Masana na Cibiyar Raman da ke Bengaluru a Indiya suka ɗora tasu eriyar a kan ruwan tafki suka sake awon, a 2022 suka ce ba su gan shi ba. Wahalar aikin ita ce siginar santimita 21 in ta miƙe ninki 15 ta kan koma wajen mita 3, wato wajen megahaz 95, tsakiyar zangon da gidajen rediyon FM ke watsa shirye-shirye. Tashar da ka ke kamawa a mota ta fi ƙarfin wannan sigina fiye da a misalta. Shi ya sa ake kai eriyoyin can cikin daji inda doka ta taƙaita watsa rediyo: HERA tana yankin Karoo a Afirka ta Kudu, a Murchison ta yammacin Ostireliya kuma ana kan dasa eriyoyi fiye da 130,000 na shirin SKA, kowace kamar ƙaramar bishiyar ƙarfe, don su saurari zangon megahaz 50 zuwa 350.